Hannuna Ya Daina Rawa, Ɗakina Ya Yi Shiru

Malama mai wannan fili, sallama da fatan alheri.

Yau Talata. Jiki da sauƙi, sai dai gwiwa da ke ƙara idan zan tashi, da numfashi da ba ya kai ni ƙarshen layinmu sai na tsaya na dafa bango. Don Allah ki taimake ni da shawara. Damuwata ba irin wadda ake kai wa likita ba ce, kuma ina jin nauyin faɗa wa nawa.

Da farko ki dubi rubutun nan. Ni na yi shi, da biro, da hannuna na dama. Ni tsohon malamin firamare ne, na zamanin da ake ja wa yaro layi a koya masa inda wutsiyar kowane harafi za ta tsaya. To, tun kafin matata ta rasu hannuwana suka kama rawa. Kamar wasa, har ta kai cokali ba ya isa bakina da komai a cikinsa. Magani na sha har na gaji, wani ya sa ni barci, wani jiri.

Bara likitar ƙwaƙwalwa, yarinya ce da ba ta kai autata shekaru ba, ta ce akwai sabon aiki da ake yi wa masu irin rawar hannuna, ba wuƙa, ba ɗinki. Na ɗauka lallashin tsoho take yi. Aka aske mini kai ƙwal, aka ɗaura mini wani ƙarfe don kada kan ya motsa, aka tura ni cikin injin hoto mai kama da rami, ina farke, ina jin ƙararsa. Ta ce sauti ne da kunne ba ya ji, za su tattaro shi daga kowace kusurwa ya haɗu a ɗigo ɗaya can cikin ƙwaƙwalwa. Nan take na tuna yadda muke tara hasken rana da gilashi mu ƙona takarda a darasin kimiyya, yara suna ihu.

Jifa-jifa sai a jawo ni waje a ba ni takarda in zana layi mai nannaɗewa irin na bayan dodon-koɗi. Na farko kamar kaza ta yi tono. Na gaba ya ɗan lafa. Can sai na ga biro yana tafiya sumul, yana zagayawa, har ya isa tsakiya bai kauce ba. Na ɗaga hannun sama, ya tsaya cak. Na yi ta kallonsa kamar na wani. Malama, shekara da shekaru ina shafa wa hannun nan mai, ina yi masa faɗa, ashe ba shi da laifi. Wurin da bai wuce ƙwayar hatsi ba ne a cikin kaina yake girgiza ni haka. Har yau idan na tuna sai in yi tasbihi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera kan mutum, ya kuma sanar da bayinsa hanyar shiga ba tare da sun buɗe shi ba.

Ga inda matsalar take. Lokacin rawar, Auta takan biyo kowace safiya kafin ta wuce aiki. Ta sa mini maɓallan riga, ta riƙe mini kofi, ta aske mini gemu, tana ce mini ɗalibinta mai taurin kai. Da na dawo daga asibiti, sai na cika kofi da shayi har baki, na ratsa ɗaki na miƙa mata, ko ɗigo bai zuba ba. Ta yi kuka, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Daga nan zuwan ya koma na mako-mako, sannan ya koma waya. Idan ta tambaya ko ina bukatar wani abu, nakan ce babu, don gaskiya babu ɗin.

Abu ɗaya ya rage. Hannun hagu yana nan da rawarsa, ba ya iya riƙe abin yankan farce, saboda haka ita ke yanke mini farcen dama. Kin ga tsoho yana duba yatsunsa da safe ko sun fito? Ni ne. Yanzu likita ta ce lokaci ya yi da za a iya duba yiwuwar yi wa hagun, tana jiran amsata. Rabin zuciyata na ɗokin sake ganin abin al'ajabin nan. Ɗaya rabin na cewa idan hagu ya warke, shi ke nan, ba sauran dalilin zuwan Auta. Shin in ƙi? Idan na ƙi, ban butulce wa ni'ima ba?

Auta ta ce yau za ta zo. Na fito da kujerarta, na ajiye abin yankan farcen a kan tebur, ruwan shayi ya tafasa ya huce, na sake ɗorawa. Ga shi rana ta faɗi. Ba ta zo ba.

Naki,
Tsohon Mai Alli

AMSA

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wasiƙarka ta zaga ofishinmu hannu zuwa hannu kafin in zauna in amsa. Ba mu saba ganin haruffa a miƙe haka ba, balle daga hannun da bara bai iya riƙe cokali ba. Ni ma na daɗe ina kallonsu.

Amma tambayoyi biyu ka haɗa a kwano ɗaya, bari mu raba su.

Ta farko ta likita ce. Aikin ɓangare na biyu ba maimaicin na farko ba ne kawai. Ka tambaye ta ƙarara abin da zai iya jawowa ga magana, haɗiya da tsayuwar ƙafa, musamman ga mai shekarunka da ke zaune shi kaɗai. Idan ka auna ka ga hannu ɗaya ya ishe ka, ƙi ba butulci ba ne. Idan ka ga da amfani, ka yi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ka ajiye ciwo a jikinka don ya riƙa kira maka 'yarka. Ranar da ta gane, zai yi mata zafi fiye da yadda kake zato.

Ta biyu ta Auta ce, kuma a nan zan ɗan tsaya mata. Ta yi shekaru tana sammako saboda kai. Ka nuna mata kofi cike, kana kuma ce mata ba ka bukatar komai. Ta yarda da maganar mahaifinta, mai yiwuwa ma tana ganin ja da bayan da ta yi girmamawa ce. Ita ma da nata: bai dace ba ta sa rana ta bar ka da ruwa a wuta, ba ko waya. Amma ba ta san kana jiran farce ya fito ba, don ba ka faɗa ba.

Gobe ka kira ta. Kada ka ambaci farce. Ka ce kewarta kake yi, da wannan kalmar, ko da za ta yi maka nauyi a baki. Ka roƙe ta ta raka ka wajen likita ku ji bayanin tare. Sannan ku tsayar da rana ɗaya a mako wadda ba ta aiki ba ce, ta hira ce. Kuma hannun da ya dawo, a ba shi abin yi: a layinku ba za a rasa yaran da rubutunsu ke bukatar tsohon malami ba.

Ta daɗe tana riƙe maka kofi, Baba. Wannan karon ta zauna a kujerar nan, kai ka zuba mata. Allah ya ba ka lafiyar hannu biyu, ya kuma cika maka ɗaki da sallama.