Akwatin Duba-gari a Rumfar Banda

Maame, mahaifiyata,

Kina bakin teku kina jiran masunta, duba-gari biyu suka zo. Sun leƙa murhunan bandar kifinki, suka ga guntayen tayar da kike hura wuta da su. Babbarsu ta toshe hanci ta ce, "Wannan hayaƙin kuke shaƙa kullum, har da jaririya?"

Sun rataya wani ɗan akwati mai auna hayaƙi a ginshiƙin rumfa. Ranar Juma'a za su dawo, in ya nuna da yawa rufe rumfar za su yi. Don Allah kar ki lulluɓe shi da zane, na san halinki. Ki hura da ɓawon kwakwa, na tara miki bayan ƙofa.

Na tafi da jikarki Araba asibiti, numfashinta ya sake sarƙewa.

Kuma kar ki je ki sauke wa maƙwabciyarmu Anti Efuwa masifa. Ba ita ta kai ƙara ba, ni ce. Ki yi haƙuri. In na dawo ki zage ni son ranki, amma ki bari Araba ta yi barci tukuna.

Ekuwa