Azurfarka Tana Cikin Bokiti

Orrin,

Na tafi Duluth wajen Yaya Bernadette tun kafin ka tashi. Kada ka kira ni.

Jiya a gaban baƙi ka ɗora min ɗan dunƙulen azurfa kamar ƙwayar wake a tafin hannu, ka ce, "Lorraine, duk hoton da na taɓa wankewa ya bar wani abu a cikin wannan." Aka yi ta tafi, ni ma na yi murmushi.

Shekara tara ke nan da ka mayar da banɗakin ƙasa ɗakin duhu na wanke hoto. Ka ƙarar min da soson ƙarfe kana jiƙawa a tsohon ruwan wanke hoto, kana tace baƙar laka don ka ciro azurfar da ke ciki, gida duk wari. Da safen nan na buɗe akwatunan hotunanka ɗaya bayan ɗaya. Jiragen ƙasa ne, sai gadoji, sai karenka. Ni ko gefen kunnena babu.

Ka ba karen maganinsa da rana.

Azurfarka kuwa na mayar da ita cikin bokitin lakar, sai ka sa hannu ka lalubo. Safar hannun tawa ce, na tafi da abata.

Lorraine