Rasuwar Mama Paulina Elias, Wadda Muke Kira Mama Gafarta

Cikin alhini da raunin zuciya, amma da dogara ga Ubangijinmu Yesu Almasihu wanda ya yi nasara a kan mutuwa, Zumuntar Mata ta Majami'ar Alheri da ke Tirwun, Bauchi, ta karɓi labarin rasuwar uwarmu, tsohuwar Shugabar Zumunta, matar marigayi Dattijo Elias, wato Mama Paulina Elias, wadda ta koma ga Mahaliccinta ranar Talata da hantsi a asibiti, bayan jinyar raunukan da ta samu lokacin da keke napep ya buge ta a hanyarta ta dawowa daga kasuwa. A madadin Shugabar Zumunta da dukan 'yan'uwa mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga ɗanta Malam Prosper Elias, da 'yarta Malama Gift, da jikokinta, da dangi na Bogoro, da Mai Girma Rabaran da dattawan ikilisiya, da kuma maƙwabtanta na Gwallaga, Kirista da Musulmi, waɗanda suka cika gidan tun kafin mu iso.

Mama ta yi wa Allah da ikilisiya hidima fiye da shekarun yawancinmu a duniya. Ita ce ke sharar majami'a tun muna sujada a ƙarƙashin rumfar kwano, ita ke buga tulu idan mata sun tashi waƙa, kuma ko da muryarta ba ta cika bin ta sauran ba, babu wadda ta fi ta ɗaga ta. Babu gidan haihuwa ko gidan makoki a cikinmu da bai ga tukunyarta ba. Da masar da take toyawa a ƙofar gida ta tura 'ya'yanta makaranta bayan rasuwar Dattijo, a cikin masar nan kuma akwai rabon marasa lafiya da take kai wa ziyara. Ni da nake rubuta wannan, ita ta yi wa ɗan farina wanka, ita kuma ta zauna da ni ranar da na binne shi, tana riƙe da hannuna.

Masu tambaya daga ina sunan Mama Gafarta ya fito, ga asalinsa kamar yadda ita da kanta take ba mu labari tana dariya. Lokacin da aka kawo ta amarya daga ƙauye, Hausarta ba ta nuna ba. Gidan da suka kama haya a Gwallaga yana jikin gidan Malam Abdulhamid, malamin unguwa, kullum kuma tana jin masu wucewa suna durƙusawa suna ce masa "Allah gafarta Malam". Sai ta ɗauka haka ake gaisuwa a birni. Ta shiga kasuwa tana ce wa mai tumatir Allah gafarta, mai gawayi Allah gafarta, har da yaran da ake aikowa sayen masa. Aka yi ta mata dariya, har matar Malam ta kira ta gefe ta gaya mata cewa wannan gaisuwar malamai ce kaɗai. Mama ta yi godiya, ta koma gida ta yi tunani, washegari ta ci gaba da abinta. Dalilinta shi ne, idan malamin da ya yi karatu yana bukatar a roƙa masa gafara, to ita mai tuyar masa ta fi shi bukata, haka ma mai tumatir. Malam Abdulhamid da ya ji, ya ce a ƙyale ta, ba ta faɗi ƙarya ba. Har ta tsufa, Rabaran da jariri gaisuwa ɗaya take yi musu.

Wannan ba wasa ba ne a wurinta, shi ne bangaskiyarta gaba ɗaya. A taron addu'armu na ranar Alhamis kowace mace tana zuwa da damuwarta, wata ɗanta ya gama makaranta babu aiki, wata hawan jini, wata miji ba ya zaman gida. Mama ba ta taɓa raina kukan kowa ba, tana durƙusawa ta ambaci kowace da sunanta, amma ba ta yarda a fara ba sai mun roƙi gafarar zunubanmu tukuna. Ta koya mana cewa likita yana iya ba da magani, ɗan'uwa yana iya ba da abinci, amma nauyin zunubi babu mai sauke wa mutum sai Yesu da ya mutu a kan gicciye dominmu, duk wanda aka yafe wa kuwa ba shi da ikon riƙe wani a zuciya.

Saboda haka ne muke da saƙo ɗaya da ta ɗora mana, wanda ba za mu iya binne ta da shi a bakinmu ba. Direban keken da ya buge ta, Malam Nasiruddeen na unguwar Ɗan Iya, magidanci ne mai iyali. Bai gudu ba, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti, kullum kuma yana zuwa ya tsaya a waje domin an hana shi shiga. Ana gobe za ta rasu, Mama ta sa muka kira shi. Ni da 'yan'uwa biyu muna wurin. Da ya durƙusa gefen gadon, ta yi masa irin gaisuwar da take yi wa kowa, shi kuwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta gaya masa cewa ba ta riƙe shi da komai ba, ta tambayi lafiyar 'ya'yansa, sannan ta roƙe mu mu shaida wa Prosper da kowa abin da muka gani. Ga shi mun shaida.

Muna jin maganganun da wasu matasa ke yi a unguwa, muna kuma roƙonsu da sunan Ubangiji su daina, domin babu wanda zai ɗauki fansa da sunan Mama ya ce ya girmama ta. Abin da ke hannun hukuma ba mu sa baki a ciki ba. Namu roƙon ga ɗanmu Prosper ne. Ɗana, mun san zafin da ke ranka, ba mu ce ƙarami ba ne, mun ga yadda ka kula da ita har ƙarshe. Malam Nasiruddeen da mahaifiyarsa, Hajiya Juwairiyya, suna so su zo gaisuwa, tsoro ya hana su. Ranar Asabar, bayan an dawo daga jana'iza, mu matan zumunta za mu je Ɗan Iya cikin ankonmu, mu rako su har ƙofar gidanku, mu tsaya tare da su. Buɗe ƙofar kuwa naka ne, ba za mu tura ta ba, za mu jira.

Muna addu'a Allah Uba, mai ta'azantar da masu makoki, Ya ba iyalin marigayi Dattijo Elias ƙarfin zuciya da haƙurin jure wannan babban rashi, Ya share hawayen Gift da jikoki, Ya tausasa zuciyar da baƙin ciki ya ƙulle, Ya kuma sada mu da uwarmu a gaban kursiyinsa. Amin.

Sa hannu:
Malama Comfort Kyauta
Magatakarda, Zumuntar Mata ta Majami'ar Alheri
Tirwun, Bauchi