Ƙullin Sajo

Mubi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Adda Habibat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar? Har yanzu kina haɗa maganin likita da na mai ganye, don kada ɗayansu ya ji haushi?

Na rubuto da hannu ne saboda maganar ba ta waya ba ce. Kin ji an tsinci gawar Gabdo makiyayi a bakin mayo, rafin nan na bayan gonakin Sorau, da sara a ka. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda aka same shi. An kwantar da shi kan damansa yana kallon alƙibla, an rufe masa ido, an ɗaure haɓarsa da ƙyalle, an jera ƙaya kewaye da shi saboda karnuka. Ɗan sanda ya ce bai taɓa ganin mai kisa mai tarbiyya haka ba, jama'a suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na ga ƙullin: biyu a gefen kunnen hagu, an soke wutsiyar ciki. Haka aka ɗaure wa Baba. Shekara talatin Sajo ɗan Baffa yana wankan gawa, babu mai wannan ƙulli sai shi. Kin kuma san sau uku shanun Gabdo suna cinye masa dawa.

Da aka kawo gawar gida, Sajo ne ya wanke ta, ni na zuba ruwa. Hannunsa nake ta kallo, har ya ce in riƙe buta da kyau.

An kama Elkana, mai gonar kusa da mayon, wai an ga jini a addarsa. Akuya ya yanka. 'Yan'uwan Gabdo sun fara zagaya unguwar su Elkana, mata sun daina zuwa gona. Kullum matarsa Margret na ƙofata in rubuta mata takardar koke, tana cewa Malam ya san komai. Ba ta san iyakar gaskiyar da ta faɗa ba.

Na karanta littattafai da yawa a kan adalci. Babu marubucin da ɗan baffansa ya wanke masa uba. Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Maharazu

Mubi, 2 ga Yuni

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Na ji kin ce kada a ƙara kawo miki wasiƙata, amma direban da nake ba wa saƙo ya ce kin karɓi ta baya kin sa a ƙarƙashin filo.

Kafin in je wurin hukuma, wurin Sajo na fara zuwa. Na same shi yana gyaran makara. Na ce masa na ga ƙullin. Sai ya ce sara ɗaya ya yi cikin fushi, ya gudu har ya kai bakin hanya, sai ya tuna ya bar Musulmi baki buɗe, ya koma. Da bai koma ba, da Elkana aka yanke wa hukunci.

Na ba da shaida. An saki Elkana, an yanke wa Sajo rataya. Dangi ba sa amsa sallamata, a masallaci kuwa na samu yalwar sahu irin wadda ban taɓa samu ba. Lauya ya ce in kwantar da hankali, irin wannan takarda ta zartar da kisa ba kasafai ake sa mata hannu ba. Karon farko ke nan da nake roƙon Allah ya ƙara wa ma'aikata lalaci.

Naki,
Maharazu

Mubi, 14 ga Maris

Adda Habibat,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Bayan shekara bakwai, an sami mai ƙwazo ya sa hannu.

Ranar Litinin Sajo ya aiko in zo gidan yari. Na tafi da shirin jin zagi. Ya tsufa, Adda, haƙoransa sun zube. Ya ce ya ji yaran yanzu da kyar suke tsayawa su wanke gawa sau uku, shi kuwa ba zai yarda a yi masa aikin gaggawa ba, ni zan wanke shi. Ya yago bakin rigarsa, ya naɗa a gwiwarsa, ya nuna mini ƙullin. Sau goma sha ɗaya ina gwadawa, yana cewa duk karatun nan bai sauko hannuna ba. Gandiroba ya ce lokaci ya yi.

Laraba da safe aka zartar. Da roƙo suka bari na shiga na yi masa wanka, Elkana ne ya kai ni a babur ya jira a waje. Na rufe idonsa, na ɗaure haɓar, na kwance, na sake, na kwance. Ƙullin bai yi kyau ba, Adda. Na ɗaga kai in tambayi yadda ake soke wutsiyar, sai na tuna wa nake tambaya.

Ki yafe mini in kin iya. A gaida yara.

Ƙaninki,
Maharazu