Asubar da Taurari Suka Zubo

Unguwar Sharafiyya, Jidda, daren Juma'a, 10 ga Sha'aban 1420

Barci ya ƙi zuwa. Da asuba, muna dawowa daga Madina, muka tsaya salla cikin sahara, sai ga taurari suna zubowa kamar ruwan sama, har da koraye. Inna takan ce in tauraro ya faɗo, wani babba ya rasu. Ga Baba kwance a Kano ba lafiya. Na fashe da kuka.

Maigidana ya yi dariya. "Amarya, in haka ne ai manyan duniya sun ƙare yau. Yalla, maza ɗaga kai, ko a littattafanki babu wannan."

Na ɗaga. Subhanallahi, kamar in tara zanina!

Muna isa Jidda muka kira wayar maƙwabtanmu na Kano. Baba da kansa ya tako ya karɓa, yana cigiyar dabinonsa.