Jar Motar Maƙwabcinmu

Assalamu alaikum Baffa Sharfaddeen,

Ina gaishe ka daga nan ƙasar waje, garin Cheras. Yaya ƙafar Gwaggo? Mu lafiya lau, sai zaman kullen annoba. Tun da aka rufe jami'a Abba ya rage magana, abinci ma sai Umma ta matsa.

Baffa, shawararka muke nema tunda mota sana'arka ce. Wani dattijo maƙwabcinmu zai sayar da tsohuwar motarsa, ja, mai rufin tamfol da ake naɗewa, ringgit dubu talatin a kuɗin ƙasar nan. Injin yana tashi, amma akwai tsatsa ƙarƙashin ƙofa, rufin yana yoyo, nan kuwa ruwan sama ba ya fashi. Kujera biyu ce, mu kuma mu biyar. Abba ya ƙwallafa rai sai ya saya, Umma kuwa ta ce in roƙe ka ka hana shi.

Amma kowace safiya yakan sa takunkumi ya sauka ya zagaya ta, ya dawo yana ba mu labari har da dariya.

Idan ba ta kai kuɗin ba, ka faɗa masa gaskiya. Roƙona kawai, ka jinkirta amsar har a buɗe gari.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Rumaisa