Abincin Kwana Biyu a Zama Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwaje-gwajenmu, Dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, na fito fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa kana mitin. Ni ce ɗalibar nan 'yar Taura da ka ce a gaban malamai, wai 'yar Fulani ce amma ba ta iya kiwo ba. Raina a ɓace yake, ba kuwa zan ɓoye ba.

Na ɗaya. Aikina kiwon ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda aka sarrafa su riƙa yin furotin ɗin da ba nasu ba, mai daskarar da madara ta zama cuku. Duk dabarar tana wajen ciyarwa: sukari kaɗan-kaɗan, bayan 'yan sa'o'i a ƙara. In aka cika musu sai su fitar da tsami, tsamin ya hana su aiki. Daga bakinka na koyi wannan.

Na biyu. Da injin da ke ɗiga musu abinci ya lalace, na koma ba su da sirinji. Ranar Juma'a ka karɓe makullin ɗakin gwaji za ka ɗaurin aure Garki. Na roƙe ka har da hawaye. Ka ce in zuba musu na kwana biyu gaba ɗaya, ai ba jarirai ba ne. Na zuba, don ina jin nauyinka. Litinin na tarar da ruwa mai wari, furotin ko ɗigo babu. Wahalar wata huɗu ta tafi.

Na uku. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta buɗe wa saniya buhun dusa don za ta unguwa. Ta san ciki zai kumbura, saniya ta mutu. To tsakani da Allah, Farfesa, wane ne bai iya kiwo ba?

Kwalba ɗaya ta irin ƙwayoyin ta rage mini a firji. In ita ma ta lalace, ba ni gamawa bana. Saboda haka ina neman abu biyu: a ba ni makulli har in kammala, kuma ka janye maganarka a gaban waɗanda ka faɗa wa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga mai ɗura maka abincin kwana biyu a zama ɗaya don zai yi tafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka da ke jiran makulli.